Keke Ba Abin Kunya Ba Ne: A Gyara Mana Hanyoyin Fadama Kafin A Zana Na Baƙi



Kwanakin baya, a wata majalisar shayi da ke kusa da babbar kasuwar Malanbil, wani yaronmu da ya dawo daga karatu a Kwatano ya ciro wayarsa ya nuna wa jama'a wani bidiyo. Turawa ne a kan kekuna masu kaurin taya, suna ratsa daji ta wata siririyar hanya da aka gyara musu musamman. Ya ce idan Allah ya kawo zaman lafiya, irin wannan ya kamata a yi a gandun dajin W, baƙi su zo su hau keke su kalli giwa, garinmu ya samu kuɗin shiga. Dattawan wurin suka kwashe da dariya. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Yaro, mu da muke roƙon Allah ya raba mu da keke, kai kuma titi kake neman a gina masa?" A kan haka aka watse, kowa yana ganin shi ne mai gaskiya.

Mun kwana da maganar nan a zuci, mun juya ta, mun kuma ga cewa yaron da dattijon duk sun kauce, kowa ta gefensa. Dattijon ya raina abin hawan da rabin ƙauyukanmu ke rayuwa a kansa. Yaron kuwa ya tsallake maƙwabcinsa da ke tura keke cikin laka, ya tafi neman wa baƙon da bai zo ba tukuna wurin shaƙatawa. Abin da muke son faɗa a nan shi ne: ƙasar Malanbil tana bukatar hanyoyin keke a cikin fadama da daji, bukata ta gaggawa, kuma wanda za a fara yi wa su shi ne manomi da ɗan makaranta da mai kifi. Idan baƙo ya zo daga baya, ya bi tamu, muna yi masa maraba.

Duk wanda ya taɓa fita bayan gari da asuba ranar kasuwa ya san hanyoyin da muke magana a kansu. Ba su cikin taswira, amma suna nan birjik, daga gonakin shinkafa zuwa gari, daga bakin kogi zuwa Bojekali, daga ƙauyukan Garu da Madekali da Tumbutu zuwa babban titi. Za ka ga mutum ya ɗaure buhun shinkafa a bayan keke da robar tsohon tube, wani ya ɗauro albasa, wani kwandon busasshen kifi, ga yara biyu a kan keke ɗaya sun nufi makaranta. Ƙafa da taya su suka share waɗannan hanyoyi, babu wani ofishi da ya taɓa kashe musu ko dala. Da rani rairayi ke riƙe taya har sai mutum ya sauka ya tura, kuma ba mamaki, tun da tsohon sunan garin nan ma Tasi ne, wato rairayi da harshen masu masaukinmu, kafin Faransawa su liƙa masa sunan gwamnansu na Dahomey mai suna Malan. Da damina kuwa laka ce har gwiwa, ga kwari da ruwa ya cika, sai an ɗauki keken a ka an ƙetare. Wadda naƙuda ta kama a irin wannan lokaci, ko yaron da zazzaɓi ya kayar, su ne ke biyan kuɗin sakacinmu.

Bari mu fara da dattijon, domin maganarsa ita ce ta mafi yawanmu.

Baba, da girmanka, a ina aka ce keke abin kunya ne? Kai da kanka ka ga zamanin da Rale sabo fil, mai ƙararrawa da madubi, shi ne adon malami da ɗan kasuwa, ango ya hau shi gari ya kalla. Keken bai canja ba. Mu ne muka ga babur muka ruɗe, saboda man fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Nijeriya yana da araha, har muka ɗauka haka duniya za ta dawwama. Ranar 29 ga Mayu 2023 sabon shugaban Nijeriya, Bola Tinubu, ya ce tallafin mai ya ƙare, kuma kafin mako ya zagayo kwalbar kpayo da muke saya a bakin titi ta yi tashin gwauron zabo. Kuɗin zemijan ya bi ta. A Kano, birnin da ake gasar hawan manyan motoci, ma'aikata sun kakkaɓe tsofaffin kekuna suka koma kansu. Bayan wata biyu aka yi juyin mulki a Yamai, aka rufe iyaka, aka toshe gadar da ta haɗa mu da Gaya, manyan motoci suka yi layi suna ruɓewa da kaya, kasuwar da muke taƙama da ita ta yi sanyi. A wannan tsanani wane abin hawa ne bai nemi komai a wurinmu ba sai iska da ɗan faci?

Akwai kuma abin da ba ma son ambata. A sassan jihar Tilaberi ta Nijar an hana hawan babur a farkon 2020, a Difa kafin nan, an kuma yi irin haka a wasu jihohin arewacin Nijeriya, duk saboda babur ya zama abin hawan masu ɗauke da bindiga. Ba ma fatan haka ta same mu, amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar da aka ce a ajiye babura, ƙauyen da ke da hanyar keke mai kyau zai ci gaba da zuwa kasuwa da asibiti, wanda ba shi da ita kuwa ya shiga kurkuku ba tare da ya yi laifi ba.

Idan aka bi diddigi, kunyar da ake ji ta keke daga hanya ta samo asali. Mutumin da ya iso gari da taɓo har cinya, riga ta jiƙe da gumi, yana tura keke mai faci goma, dole yara su yi masa dariya. A ba shi hanya mai tauri mai inuwa, ya iso tsaf cikin rabin lokacin, a gani ko akwai mai dariya. A Wagadugu an ware wa masu ƙafa biyu nasu layi a gefen manyan tituna, mata da maza suna hawa ba wanda ya ɗaga ido, ƙasar kuma tana shirya tseren keke na Tour du Faso tun 1987. A ƙasar Holan, Mark Rutte, a lokacin da yake firaminista, a kan keke yake zuwa ofis. Talauci ne ya sa shi?

Yanzu sai kai, ɗanmu mai waya.

Ba mu ƙi burinka ba, kuma mun yaba da ka yi tunanin garinku. Sai dai ka zauna ka ji tarihin dajin da kake son kai baƙi. Gandun W, wanda ya samo sunansa daga yadda kogin Kwara ya yi lanƙwasa kamar wannan harafi na boko, Faransawa ne suka shata shi, suka mai da shi gandun ƙasa a 1954. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 10,000 a tsakanin Benin da Nijar da Burkina Faso. Kafin a shata shi akwai mutane a ciki, da gonakinsu da wuraren kiwonsu da kaburburan iyayensu, aka tashe su. Har yau mafi yawan ƙasar Karimama gandu ne, mutanenta suna matse tsakanin shingen daji da ruwan kogi. A 1996 UNESCO ta sanya ɓangaren Nijar cikin kayan gadon duniya, a 2017 aka faɗaɗa har da na Benin da Burkina, a 2020 kuma gwamnatinmu ta miƙa kula da namu ɓangaren ga ƙungiyar African Parks. A duk tsawon waɗannan shekaru an share hanyoyi a cikin gandun, an kai su har magangarar ruwa ta Kudu a kan kogin Mekuru, an gyara wurin kallon giwaye a Alfakwara. Domin wa? Domin motar mai yawon buɗe ido da ta mai tsaron daji. Yaro nawa ne a unguwanninmu ya taɓa ganin giwa da idonsa, alhali tana kwana ƙasa da tafiyar yini guda a kan keke daga gidansu?

Kiyaye namun daji aiki ne mai kyau, ba mu da ja a kansa. Giwa da zaki da ɓauna amana ce, kuma abin da ya rage daga cikinsu a yammacin Afirka mafi yawansa a wannan yanki yake. Abin da muke ja a kansa shi ne ɗabi'ar zana layi a takarda daga nesa, a ce wannan gefe na baƙi ne, wancan na 'yan gari, sannan a yi mamaki idan 'yan gari ba su ɗauki dajin nasu ba. Ga sakamakon nan muna gani. A watan Fabrairu na 2022 nakiyoyi sun kashe mutum tara a cikin gandun, akasarinsu ma'aikatansa. A watan Afrilu na 2025 gwamnati da kanta ta sanar da rasuwar sojoji 54 a hare-haren da aka kai wajejen Kudu da mahaɗar iyakokin ƙasashen uku. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Yau babu baƙon da zai zo hawan keke a can, mu ma ba mu ce kowa ya kusanci wurin ba. To shin sai mu naɗe hannu mu jira ranar da Bature zai dawo kafin mu gyara hanyar da uwarka ke bi zuwa gona?

Mun kuma ga ƙarshen aikin da aka yi don a gani, ba don a yi amfani da shi ba. Layin dogo ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku tun shekarun 1930. A 2016 aka yi bikin buɗe layin Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, da kiɗa da jawabai. Tsakanin Paraku da Doso, inda muke zaune, babu ko ƙarfe ɗaya, wanda aka shimfiɗa ɗin ma ciyawa ke cin sa. Hanyar da ba ta haɗa mai bukata da inda yake son zuwa ba, ko da zinariya aka yi ta, kango ce.

Idan misali kake nema daga waje, ga wanda ya fi bidiyonka kusa da mu. A ƙasar Ruwanda an buɗe wata hanya a 2011 mai suna Congo Nile Trail, kilomita 227 a gefen tafkin Kivu, daga Rubavu zuwa Rusizi. Masu keke da masu tafiya a ƙasa daga ƙasashe da dama suna zuwa bin ta. Mafi yawanta tsofaffin hanyoyin ƙauyuka ne da na gonakin gahawa da shayi, waɗanda mutanen wurin suke bi tun da can, aka haɗa su aka sa musu alamu. Baƙo yana ratsa ƙauye, ya sayi ayaba a hannun mai ita, ya kwana a masaukin gari. Hanyar ta mutanen ƙasa ce tukuna, shi ya sa kuɗin baƙo yake faɗawa a hannunsu.

To yaya ake gina irin wannan hanya? A nan ne muke son mu daɗe, domin da yawa suna zaton abu ne na injiniyoyi da manyan injuna.

Farkon aiki tambaya ce. Kakanninmu fatake, da suke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, su ƙetare Kwara a wajejen Gaya da Illo, su bi ta Kandi da Jugu har Salaga a ƙasar Gwanja neman goro, ba su da taswira. Suna da madugu, suna da jagaba da ke gaba, kuma kowane zango an zaɓe shi ne bisa inda ruwa yake, inda jaki zai samu ci, inda ƙasa ba ta nutsewa. Ilimin nan a bakin mutanen wurin suka tattara shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin a sari ƙasa sau ɗaya, a zauna da masunta da makiyaya da matan da ke zuwa itace, a ce su nuna inda ruwa ke kwanciya, inda dorina ke fitowa kiwo da dare, inda burtalin shanu ya ratsa.

Babban abokin gabar hanya ruwa ne, kuma ruwanmu yana da hali na musamman. Kogin nan sau biyu yake cika a shekara. Akwai jan ruwan damina na watannin Agusta da Satumba, wanda kogunan kusa irin su Sota da Alibori da Mekuru ke ƙara wa ƙarfi, akwai kuma ruwan da ke tasowa tun daga duwatsun Gini, ya yi watanni a hanya, ya iso mana cikin hunturu lokacin da sama ba ko gajimare. Wanda ya zo auna ƙasa a watan Afrilu zai ga fili busasshe ya ce nan ya dace, alhali kwale-kwale ke bin wurin a Satumba. Ambaliyar 2010 da ta 2012 sun bar alama a jikin itatuwa da katangu, tsofaffi kuma suna iya nuna ta da yatsa. Wannan alama ita ce ma'auninmu. A fadama dole a ɗaga hanyar ta zama kamar jinga, a yi mata doro a tsakiya don ruwan sama ya zube hagu da dama, a haƙa mata lambatu a gefe. Kuma duk inda ruwa ya saba wucewa a bar masa ƙofa, ko kwalbati ko 'yar gada, domin jingar da ta toshe hanyar ruwa ko dai ruwan ya fasa ta, ko ya koma gonar wani, ga kuma kifin da ke shiga fadama yin ƙwai an tare masa hanya. Inda akwai jingar da ta riga ta kare gonakin shinkafa, a duba ko bayanta zai iya zama hanya, an huta da rabin aiki.

A kan tudu, kamar wajejen Gene, dokar daban ce. Ƙungiyar masu hawan keken duwatsu ta duniya, IMBA, wadda aka kafa a Amurka a 1988, ta tattara wasu ƙa'idoji da gwaji ya tabbatar. Kada hanya ta miƙe tsaye ta hau tudu, domin ruwa zai mai da ita kwazazzabo a damina ɗaya. Ta bi gefen tudun a karkace, kuma tsayuwarta kada ta wuce rabin tsayuwar gangaren da take ratsawa. A matsakaici, cikin kowace mita 100 ta tafiya kada hawan ya wuce mita 10. Fuskar hanyar a ɗan karkatar da ita zuwa gefen gangare, kamar santimita 5 a kowace mita, don ruwa ya tsallake ta ya wuce. Sannan lokaci lokaci a sa ta ɗan gangara ta sake hawa, yadda ruwan da ya biyo ta zai samu mafita kafin ya yi ƙarfi. Wanda ya taɓa yin kunya a gonar gangare ya san wannan duka, sunayen ne kawai bai sani ba.

Maganin rairayi kuma marmara ce, jar tsakuwar da Allah ya hore mana a tudunanmu. A share, a zuba, a yayyafa ruwa, a daɓe. Daɓe ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu mata sun daɓe tsakar gida da maɗaɓi da ruwan makuba har ta yi ƙarfi kamar siminti, ta shekara goma ba ta fashe ba. Gefen jingar a dasa jema, ciyawar da saiwarta ke nutsawa ƙasa ta riƙe ta gam, wadda ake saƙa zana da hula da ita. A riƙa cire tsidau da ƙaya, domin su ne ke aika mai keke wurin mai faci. Itace kuwa kada a sare ko ɗaya saboda a miƙar da hanya. Idan giginya ko kuka ko ɗorawa ta tsaya a gaba, hanya ce za ta kewaye ta, inuwarta ma riba ce ga matafiyi.

Faɗin hanyar shi ma hukunci ne. Kamar mita biyu ya isa keke biyu masu kaya su wuce juna. Idan aka wuce haka an buɗe wa motar masu gawayi da masu saran madobiya ƙofar daji, kuma cikin shekaru kaɗan za a nemi itace a rasa. A kafa turaku a bakin hanyar yadda mota ba za ta shiga ba. Amalanke kuwa ba za a hana ta ba, tun da ita ma abin hawan talaka ce, amma a yi mata ƙa'ida irin ta shingen da ake sawa a hanyoyin jar ƙasa bayan ruwan sama: ranar da aka yi ruwa mai yawa, mai kaya mai nauyi ya dakata ƙasa ta sha iska. Inda hanya za ta gicciye burtali a zauna da Fulani a yanke wurin tare, a ƙarfafa shi da dutse, don kada a gyara wa mai keke a haifar da rigimar manomi da makiyayi.

Mun san za a ce: hanyar da kuka gyara, ai 'yan bindiga da 'yan fasa-ƙwauri za su more ta. Tambaya ce mai nauyi, ba za mu yi mata dariya ba. Amma a duba da kyau. Mutumin da ke kan babur mai ƙarfi, ba ya ɗauke da komai sai bindiga, bai taɓa jiran a gyara masa hanya ba, rashin hanyar ma shi ne garkuwarsa. Wanda lalacewar hanya ke tsarewa a gida shi ne malamin makaranta, da mai allurar rigakafi, da yarinyar da aka cire daga aji saboda nisa. Dajin da mutanen kirki ke kai da komo a cikinsa yana da idanu. Wanda aka ƙaurace wa kuwa, kowa ya san wanda ke gadonsa. Kuma hanyoyin da muke nufi na tsakanin ƙauye da gona da kasuwa ne, a wajen gandun, a tsara su da sanin hukuma da jami'an tsaro.

Za a kuma ce: ina kuɗi? Kayan aikin diga ne da shebur da baro da maɗaɓi, ma'aikatan kuwa samarinmu ne da rufe iyaka ya bar su zaune a gindin itace. Tun da aka kafa ƙananan hukumomi masu zaɓaɓɓun shugabanni a 2003, kula da hanyoyin karkara yana cikin aikin ofishin magajin gari, akwai kuma asusun da gwamnati ke tura wa ƙananan hukumomi kuɗin ayyuka ta cikinsa. Kowace ƙaramar hukuma tana rubuta tsarin ayyukanta na shekaru, kuma abin da ba a rubuta a ciki ba, ba a ware masa kuɗi. Mu nawa ne muka taɓa halartar zaman da ake tattara bukatun jama'a? Idan hukuma ta kawo marmara da bututun kwalbati, gayya za ta iya sauran. Mun gina masallatai da gayya, mun haƙa rijiyoyi da gayya. Addininmu kuma ya sanya kawar da cuta daga hanyar mutane cikin ayyukan lada.

A nan ne maganar ta dawo kanmu, mu Hausawan Malanbil. Muna da wata kalma da muke fakewa a bayanta duk lokacin da aka zo batun gari: "Mu baƙi ne." Da ita muke guje wa taro, da ita muke barin wasu su yanke mana hukunci, sannan mu koma rumfa muna gunaguni. Gaskiya ne ƙasar nan tana da masu ita, Dandawa ne suka karɓi iyayenmu, kuma muna zaune da Zabarmawa da Fulani da Mokole da sauran jama'a cikin mutunci. Ladabin baƙo wajibi ne. Amma wanda aka haifi kakansa a nan, aka binne mahaifinsa a nan, yake biyan harajin rumfa a nan, idan ya ce gyaran hanya ba ruwansa, wannan ba ladabi ba ne, lalaci ne. Shinkafar da muke aunawa a kasuwa ta kan waɗannan hanyoyi take zuwa. Duk buhun da ya jiƙe a kwari, duk kifin da ya lalace kafin ya iso, daga ribarmu aka cire. Jikokin madugai ne mu. Abin kunya ne a ce zuriyar da ta san hanya daga Kano har Gwanja ta kasa gyara kilomita biyar a bayan gidanta.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Shugabannin unguwanninmu da na 'yan kasuwa su nemi sarakunan ƙauyuka da shugabannin manoman shinkafa da na masunta da arɗon Fulani, a zaɓi hanya guda ɗaya tak, wadda ta fi wahalar da 'yan makaranta da masu zuwa asibiti. A bi ta da ƙafa a tsakiyar damina, a sa alama duk inda ruwa ya tsaya. Samarinmu masu boko, har da kai mai waya, ku rubuta wannan da Faransanci, ku haɗa da hotuna, a kai wa kansiloli da magajin gari a nemi a sa shi cikin tsari. Da kaka, bayan an gama girbi ƙasa tana da sauran laima, a fito gayya. A naɗa wanda zai riƙa duba ta bayan kowane ruwa, domin rami tun yana tafin hannu ake cike shi. Idan ta shekara biyu tana nan, ƙauye na gaba ba sai an roƙe shi ba.

Wata rana, da yardar Allah, bindiga za ta yi shiru, gada za ta cika da mutane kamar da, a sake buɗe ƙofar gandun. Ranar nan muna so baƙon da ya zo da kekensa ya tarar da hanya a shirye, mai inuwar giginya, yara suna wuce shi za su makaranta, mai shayi da mai faci suna jiran sa a zango, kuma ɗan garin nan ne jagabansa. Muna so kuma a ce ajin farko da aka kai kallon giwa a kan keke 'ya'yan Malanbil da Karimama ne. Amma wannan sai mun fara da ta gona. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba, mu kuwa mun riga mun daɗe.

Wanda yake ganin mun yi kuskure, zauren a buɗe yake, ya kawo hujjarsa mu saurara. Baba, a gafarce mu idan harshe ya yi kaifi. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya sa mu ga damina mai albarka.